Maganin suga na gargajiyar Sin: gwaji 66 sun isa hujja?

Abu_Safwan
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambayata ga likitoci ce da masu ilimin magani da ke zauren nan. Masu tallar maganin gargajiya na ƙasar Sin yanzu sun koma kafa hujja da bincike, ba kamar da ba da sai dai su ce wane ya sha ya warke. Saƙon da ke yawo yana cewa ƙungiyar Cochrane, mai tattara binciken magunguna tana tantance ingancinsu, da kanta ta tattara gwaje-gwaje 66 da aka yi a kan masu ciwon suga sama da 8,000, kuma an ga magungunan suna sauke suga. Yayana ya daɗe yana shan metformin, maganin suga na asibiti, ya gaji, yana son ya koma wa irin waɗannan. Shin adadin nan gaskiya ne? In gaskiya ne, me ya hana likitocinmu rubuta su? Ni dai a ganina gwaji 66 ba abin rainawa ba ne.

Dan_Fagge
Wa alaikumus salam. Ni ma ya iso min ta zauren dangi. Bari mu ji ta bakin masana.

Likitar_Suga
Wa alaikumus salam Malam Abu Safwan. Adadin gaskiya ne, sai dai rabin labarin aka ba ku. Nazarin ya fito a 2004, wanda ya jagorance shi ma Basine ne, Liu Jianping. Gwaji 66, mutum 8,302. Abin da mai tallar bai faɗa ba shi ne magunguna 69 daban-daban aka gwada a cikin gwaje-gwajen nan. Ka ga ke nan ba magani ɗaya aka gwada sau 66 ba. Kusan kowane haɗi taɓa shi aka yi aka wuce, a kan mutum ɗari da 'yan kai. Kuma su kansu masu nazarin sun rubuta ƙarara cewa yawancin gwaje-gwajen tsarinsu ba shi da kyau, mutanen ciki sun yi kaɗan, don haka a yi hattara da sakamakon. Iyakar abin da suka yarda da shi shi ne wasu magungunan sun nuna alamar sauke suga, sun cancanci a sake gwada su yadda ya kamata.

Sannan ka tambayi mai sayarwar: kwalbar da ke hannunsa tana ma cikin 69 ɗin?

Don Allah kada yayanka ya ajiye metformin sai ya zauna da likitansa. In ciki ne yake damunsa, gudawa ko kumburi, akwai nau'in da ke narkewa a hankali, mutane da yawa sun fi jin daɗinsa.

Tsohon_Malami
Dakta, Allah ya yi albarka. Amma wannan maganar ta "tsarinsu ba shi da kyau" tana ci mini tuwo a ƙwarya. Wa ya ajiye ma'aunin? Ba Turawa ba? Fiye da shekara dubu biyu da suka wuce littattafan Sinawa suka siffanta cutar da ke sa yawan ƙishirwa da yawan fitsari da rama, suka kuma rubuta magungunanta. Mutanen da suka daɗe haka suna magani, yau a ce sai sun ci jarrabawar Ingila kafin a yarda da su? Abin da aka yi wa namu na gargajiya ke nan har muka raina shi da kanmu.

Bakano_a_Chengdu
Baba Malam, Allah ya ƙara girma. Karatu nake a nan birnin Chengdu na ƙasar Sin, kuma abin da zan faɗa maka shi ne suka mafi zafi a kan wannan lamarin daga bakin Sinawa ta fito, ba Turawa ba. Wani farfesa na asibitin West China da ke nan garin, Wu Taixiang, shi da abokan aikinsa suka binciko rahotanni 3,137 da aka buga a mujallun ƙasar tsakanin 1994 da 2005, waɗanda duk suka ce ta hanyar ƙuri'a aka raba marasa lafiya. Ba su tsaya ga abin da ke rubuce ba. Waya suka ɗauka suna kiran marubutan ɗaya bayan ɗaya: yaya kuka yi rabon? Sun samu magana da marubutan rahoto 2,235. A ciki guda 207 kacal ne suka yi ƙuri'ar gaskiya. Ko ɗaya cikin goma bai cika ba. An buga sakamakon a 2009.

Yawancinsu ba wai ƙarya suka shirya ba, ba su ma fahimci abin da ƙuri'ar ke nufi ba. Kuma don a yi adalci, binciken ya haɗa da gwajin magungunan zamani, su ma haka aka same su. Matsalar ta yadda ake bincike ce a lokacin, ba ta ganye kaɗai ba. To amma gwaje-gwaje 66 da ake yi mana talla da su duk na wancan zamanin ne.

Ummu_Hibba
Ku yi haƙuri, ni ban gane ba. Me ƙuri'a ta haɗa da magani? Ba mutum zai sha a auna suga a gani ba?

Famasist_Zazzau
Hajiya, tambayarki ita ce ginshiƙin maganar. Ki ɗauka manomi ya zuba sabon taki a fadama, tsohon takin kuma a kan jigawa, kaka ta yi ya ce sabon ya fi. Takin ne ko ƙasar? Haka yake a asibiti. In likita ne ke zaɓar wanda zai ba sabon magani, ko bai yi niyya ba zai karkata ga wanda ya ga yana da ƙarfi, mai kiyaye abinci, mai zuwa asibiti a kan lokaci. Wanda suga ya riga ya taɓa wa ƙoda sai ya faɗa ɗaya ɓangaren. Ƙarshe sabon maganin ya yi nasara tun kafin a haɗiye shi. Shi ya sa ake barin kwamfuta ta raba, kuma a ɓoye jerin ta yadda likita ba zai san inda mai shigowa na gaba zai faɗa ba. Rabon da ake yi na yau wannan gobe wancan, ko bisa lambar kati, ba ƙuri'a ba ce, don likita ya san mai zuwa.

Na biyu, a ba ɗaya ɓangaren ƙwayar wofi, mai kama da maganin amma babu komai a ciki, kada majiyyaci ya sani, kada mai auna shi ya sani. Suga yana jin halin mutum sosai. Wanda ya san an ba shi sabon abu mai tsada sai ya rage lemo, ya rage shinkafa, ya fara tafiya bayan Asuba. Sugan zai sauka, amma me ya sauke shi?

Na uku, me aka auna? Sugan safe na kwana ɗaya yana hawa yana sauka. HbA1c, wanda muke ce wa gwajin wata uku, shi ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku. Gwajin da aka gama cikin sati huɗu ko takwas bai ma kai lokacin da wannan awon zai gama nuna canji ba.

Maman_Ilham
Ni dai na sha, kuma wallahi ya sauke min suga, saukewa ta ban tsoro. Wata ce ta kawo min kafso a kwalba, rubutun jiki duk na Sinanci, ta ce zallar ganye ne. Daga 14 da wani abu na koma 5 cikin 'yan kwanaki. Sai wani dare na farka jikina na rawa, gumi ya jiƙa min riga, ban iya ko kiran sunan yara sosai ba. Mai gidan ne ya dama min sukari a ruwa. Tun ranar na ajiye shi. Amma har yau ina cewa maganin yana aiki, ƙarfi ne ya yi masa yawa.

Famasist_Zazzau
Maman Ilham, Allah ya kiyaye gaba. Ba zan yanke hukunci kan kwalbar da ba a auna ba, amma abin da kika siffanta ya fi kama da aikin glibenclamide, maganin suga na asibiti da mutanenmu suka fi sani da Daonil. Likitocin Hong Kong sun buga rahoto a 2012 kan majiyyata 27 da suka gani daga 2005 zuwa 2010, masu shan maganin suga da aka ce na ganye ne. Sun auna kaya 29. A 22 an samu glibenclamide, a 18 an samu phenformin, maganin da yawancin ƙasashe suka janye tun ƙarshen shekarun 1970 saboda yana tara guba mai tsami a jini har ya kashe mutum. A 2009 kuma a yankin Xinjiang na Sin mutum biyu suka rasu bayan shan jabun maganin suga da aka cika wa glibenclamide.

Akwai wanda ba a ɓoye ba. Xiaoke, sanannen maganin suga ne a Sin, hukuma ta san da shi, kuma a takardarsa an rubuta cewa akwai glibenclamide: ƙwaya goma daidai da miligiram 2.5. Wanda bai iya karanta takardar ba sai ya haɗa shi da Daonil ɗin asibiti ya sha kashi biyu.

Nas_Hauwa
Ina roƙon kowa ya riƙe wannan: rawar jiki, gumi, bugun zuciya, ruɗewa, ko mita ta nuna ƙasa da 3.9, suga ne ya faɗi. In mutum na iya haɗiya a ba shi sukari a ruwa ko lemon kwalba, a sake aunawa bayan minti 15. In ya suma kada a ɗura masa komai, asibiti kai tsaye. Kuma glibenclamide yana daɗewa a jiki, sugan kan sake faɗuwa bayan awanni, balle ga tsoho ko mai ciwon ƙoda. Da azumi muka fi ganin irin wannan.

Dan_Maradi
Gafara dai, ku 3.9 da 14 kuke cewa, mu nan takardar labo 1,26 take rubutawa. Ɗaya ne?

Nas_Hauwa
Ma'auni ne ya bambanta ɗan'uwa. Naku giram ne a lita. 1,26 naku shi ne 126 a wasu mitoci, shi ne 7.0 a namu, wato iyakar da ake cewa mutum na da suga in ya auna kafin karin kumallo. 3.9 ɗin da na ce kuwa 0,70 ne a wurinku.

Alhaji_Kwantena
Ni ɗan kasuwa ne, Guangzhou gidana ne na biyu, kuma ina da suga. Da na je asibiti a can, likitan metformin ya rubuta min. Abokan cinikina Sinawa masu ciwon, wasu insulin suke yi, na ganyen kuma suna ɗorawa ne a kai. Ban ga wanda ya ajiye na asibiti ya riƙe ganye kaɗai ba. Amma ina jin kuna nema ku zubar da abin gaba ɗaya, kuma ban yarda ba. Ƙasar da masu suga suka kai miliyan 140 ba za ta zauna tana wasa da lafiyar mutanenta ba. Ba a yi wani gwajin kirki ba tun 2004?

Likitar_Suga
An yi, Alhaji, kuma bai kamata a ɓoye ba. Biyu zan kawo.

Na farko kafson Tianqi, haɗin ganye goma. An buga a 2014. Mutum 420 waɗanda sugansu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba, aka raba su da ƙuri'a, aka ba rabi ƙwayar wofi, babu wanda ya san abin da yake sha, tsawon wata 12. Cikin masu shan Tianqi 36 suka kamu da ciwon suga, cikin masu ƙwayar wofi 56. Raguwar haɗarin ta kai kusan kashi 32 cikin ɗari.

Na biyu garin Jinlida, haɗin ganye 17, a mujallar JAMA Internal Medicine a 2024. Mutum kusan 890, an bi su shekara biyu da 'yan watanni, haɗarin kamuwa ya ragu da kusan kashi 41 cikin ɗari. Wannan aiki ne da nake girmamawa, ya sha bamban da na shekarun 1990.

Amma ku lura da su wa aka gwada. Dukansu biyu mutane ne da ba su riga sun kamu ba. Yayan Abu Safwan da ya yi shekaru da ciwon ba ya cikin irinsu. Sannan abin da ke kwantar da majiyyatana ba lambar mita ba ce: ido ne ke tafiya, ƙoda ta tsaya, gyambon ƙafa ya kai ga yankewa, shanyewar ɓarin jiki. Gwajin shekara ɗaya ko biyu ba zai gaya mana ko maganin yana hana waɗannan ba.

Tsohon_Malami
To Dakta, ga shi da bakinki kin ce an yi mai kyau kuma ya yi aiki. Sai kuma kika ɗaga ma'aunin sama. Metformin ɗin naku, an yi masa wannan tonon sililin?

Likitar_Suga
Baba, tambayar tana kan hanya. An yi masa, kodayake shi ma hujjarsa ba ta kai yadda wasu ke zato ba. Babban binciken Ingila na UKPDS an fara shi a 1977, sakamako ya fito a 1998. Waɗanda aka ba metformin a ɓangaren masu ƙiba mutum 342 ne kawai, kuma kowa ya san abin da yake sha. Amma an bi su kimanin shekara goma, aka ƙirga bugun zuciya da mutuwa, aka ga sun ragu. Bayan haka miliyoyin mutane sun sha shi shekara da shekaru, mun san illarsa, mun san wanda bai kamata a ba shi ba.

Kuma ma'aunin nan ya kama maganin Turawa ma. Rosiglitazone yana sauke suga sosai, an sayar da shi ko'ina. A 2007 aka tattara gwaje-gwajensa aka ga alamar ƙarin bugun zuciya, a 2010 Turai ta dakatar da shi. Saboda wannan lamarin aka fara tilasta wa kamfanoni su nuna cewa sabon maganin suga ba ya cutar da zuciya.

Abba_Kimiyya
Ina so in ƙara wa Baba Malam wani abu. Metformin kansa asalinsa daga tsiro ne, Galega officinalis, da Turawa ke magani da shi tun da. Sinadarin cikin tsiron yana da guba, sai da aka sarrafa, likitan Faransa Jean Sterne ya gwada shi a kan masu suga a 1957. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau kuma daga tsohon littafin Sinawa Tu Youyou ta samo hanyarsa, ta tace artemisinin a farkon shekarun 1970, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Babu wanda ya ce na Sin ne don haka ba a so. An gwada shi a dubban yara a Afirka ya tabbata, duniya ta karɓa. Amma ita da ƙungiyarta ganyaye da yawa suka gwada suka watsar kafin su dace da wannan ɗaya.

Ummu_Hibba
Tunda an zo kan tsirrai, garafuni fa? Kakata shi take dafawa da shuwaka. Zogale ma ana cewa yana yi.

Dan_Fagge
Zogale kam kowa ya shaida. Har da kirfa a shayi.

Famasist_Zazzau
Garafuni ɗan'uwan wani ɗan itace mai ɗaci ne da Sinawa da Indiyawa ke ci kuma suke maganin suga da shi, Momordica charantia. Cochrane ta duba shi a 2012, gwaji huɗu, mutum 479, ta ce hujjar ba ta isa ba. Kirfa ma a shekarar aka duba, amsar iri ɗaya. A ci su a abinci, ba laifi. A ajiye magani saboda su, a'a.

Shugaban_Zaure
Jama'a a dawo kan tambayar. Zancen namu na gida a buɗe masa muhawara daban. Kuma an cire saƙo biyu na masu ajiye lambar waya suna talla.

Bakano_a_Chengdu
Akwai hujjar da malaman gargajiya na nan ke kawowa wadda ya kamata a ji. Suna cewa su ba sa ba kowa haɗi ɗaya. Sai sun duba harshe, sun taɓa jijiyar hannu, sun tambayi barci da gumi da bayan gida, sannan su haɗa wa mutum nasa, kuma su canza bayan sati biyu. In ka ɗauki haɗi ɗaya ka ba mutum ɗari huɗu, a wurinsu ba sana'arsu ka gwada ba. Ga kuma wahalar ƙwayar wofi: dafaffen magani mai ɗaci da wari, yaya za ka yi na bogi da majiyyaci ba zai gane ba? Sannan saiwar da aka haƙo a wannan lardi ba ƙarfinta ɗaya da ta wancan ba.

Ni ina ganin uzurin farko ba ya tsayawa. Ana iya barin malamin ya haɗa wa kowa nasa, sannan ɗakin magani ya ba wasu na gaske wasu na wofi bisa ƙuri'a. Kuma mai sayar da kwalba ɗaya ga kowa da kowa a kasuwa ba shi da bakin kawo wannan hujjar. Sauran biyun matsala ce ta gaske, shi ya sa a 2017 aka fitar da ƙa'idar rubuta rahoton gwaji ta musamman ga haɗe-haɗen maganin Sin, mai neman a faɗi kowane ganye, nauyinsa, inda aka samo shi da yadda aka sarrafa.

Abba_Kimiyya
Wani abin da ba a taɓo ba: gwaje-gwajen da ba a buga ba. A 1998 Andrew Vickers da abokansa suka ƙirga rahotannin gwaji ƙasa-ƙasa. Na Ingila kashi 75 cikin ɗari sun ce maganin da aka gwada ya yi aiki. Na Sin kashi 99. Babu ƙasar da kusan duk abin da ta gwada zai yi nasara. Ma'anarsa waɗanda suka faɗi suna cikin durowa. To in ka tattara waɗanda aka buga kaɗai, ko dubu ne, za su nuna maka nasara. Maganin wannan shi ne a yi wa gwaji rajista kafin a fara, a rubuta abin da za a auna. Sin ta buɗe rajistarta a 2005, kuma Wu Taixiang ɗin da Bakano ya ambata yana cikin waɗanda suka kafa ta. A 2015 ma hukumar magungunansu ta umarci kamfanoni su sake duba bayanan gwaji na takardun neman izini 1,622, yawancinsu aka janye.

Alhaji_Kwantena
Wannan ai yabo ne gare su. Sun ga ɓaraka sun ɗinke.

Bakano_a_Chengdu
Ta wani gefen haka ne Alhaji. Ta wani gefen kuma, bayan dokar maganin gargajiya ta fara aiki a 2017, an sassauta wa wasu tsofaffin haɗe-haɗe da ke cikin littattafan da, ana iya yi musu rajista ba tare da gwaji a kan mutane ba. Likitoci a nan ma sun yi ta muhawara a kai. Don haka kasancewar magani yana da izini a Sin ba ya nufin an yi masa irin gwajin Jinlida.

Yaya_Sadiya
Berberine fa? Ya cika TikTok, wai shi ne metformin na ganye.

Likitar_Suga
Cikin duka shi ya fi samun bincike. Sinadari ne guda ɗaya da ake samu a saiwar huanglian, Sinawa sun daɗe suna shan sa don gudawa. Maganar cewa daidai yake da metformin ta samo asali ne daga wani gwaji na 2008: mutum 36 aka raba biyu, wata uku. HbA1c na masu berberine ya sauka daga 9.5 zuwa 7.5, kusan kamar na metformin. Mutum goma sha takwas-takwas ba su isa a ce magani biyu daidai suke ba. Daga baya an yi waɗanda suka fi girma, da ƙwayar wofi, kuma ina ganin da gaske yana sauke suga. Amma duk gajeru ne. Yana ɓata ciki, yana canza yadda hanta ke sarrafa wasu magunguna, kuma mai ciki da mai shayarwa ba sa shan sa saboda haɗarin shawara ga jariri.

Nas_Hauwa
A ƙara da batun ƙoda. A Beljiyam a farkon shekarun 1990 mata sama da ɗari suka samu ciwon ƙoda a wani wurin rage ƙiba, saboda an musanya saiwa ɗaya da wata mai suna Aristolochia a cikin haɗin Sin da ake ba su. Wasu sai wankin ƙoda, wasu daga baya sankarar mafitsara. Mai suga ƙodarsa tana cikin haɗari tun asali. Gwajin da bai auna ƙoda da hanta ba, sannan ya rubuta cewa ba a ga illa ba, bai duba ba ne.

Abu_Safwan
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Na je na ga kwalbar da aka kawo wa Yaya. Ba Tianqi ba ce, ba Jinlida ba ce, sunan ma ban iya karanta shi ba. Amma akwai lambar NAFDAC a jiki. Wannan ba ta wadatar ba?

Famasist_Zazzau
Duba ƙarshen lambar. In ta ƙare da harafin L, jeri ne na maganin gargajiya: an duba cewa ba ya cutarwa a gwajin farko, ba a tabbatar yana warkarwa ba. Shi ya sa za ka ga an rubuta a jikin irinsu cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba. Kuma ka duba lambar a shafin hukumar, don ana buga ta bogi. Ka kai wa likitansa kwalbar ya gani da idonsa.

Tsohon_Malami
Na ji bayanai, kuma na yarda kwalbar kasuwa ba abin dogaro ba ce. Amma ban sauka daga matsayina ba. Gwajin mutum dubu na shekara goma kuɗi ne masu yawa, kuma ganyen da kowa zai iya shukawa babu kamfanin da zai zuba dukiyarsa a kai. Sai a bar shi ba a gwada ba, sannan a ce ba shi da hujja. Rashin hujjar nan wani ne ya jawo shi.

Abba_Kimiyya
Baba, a nan ina tare da kai rabi. Amma gwamnatin Sin tana da kuɗin, kuma ta taɓa yin irinsa. A birnin Da Qing a 1986 aka ɗauki mutum 577 masu shirin kamuwa da suga, aka sa wasu gyaran abinci, wasu motsa jiki, wasu duka biyun, tsawon shekara shida. Kamuwa ta ragu da kashi 31 zuwa 46 cikin ɗari. Aka ci gaba da bin su har shekara 30, a 2019 aka nuna cewa ciwon zuciya da mutuwa ma sun ragu. Babu kamfanin da ke cin ribar tafiya a ƙasa, amma an yi. Irin wannan bibiyar nake jira a yi wa masu shan Jinlida.

Alhaji_Kwantena
To in na samo Jinlida na ainihi daga kantin asibiti a can, in kawo wa ƙanena da aka ce sugansa ya fara hawa, laifi ne?

Likitar_Suga
Ba zan ce laifi ba ne Alhaji, amma ba da shi zan fara ba. A binciken Amurka na 2002, mutum 3,234, rage ƙiba da tafiyar minti 150 a sati sun rage kamuwa da kashi 58 cikin ɗari, metformin 31. Kuma masu shan Jinlida ɗin ma an ɗora su kan gyaran abinci da motsa jiki. Sannan duk Sinawa ne aka gwada, cimarsu daban, jikinsu daban.

Bakano_a_Chengdu
Dakta, a nan kam ban bi ki ba. UKPDS ma yawancinsu Turawan Ingila ne, amma muna ba Bahaushe metformin ba mu jira an gwada a Kano ba. In za mu ƙi Jinlida saboda Sinawa kaɗai aka gwada, sai mu ƙi rabin abin da ke kantin magani.

Likitar_Suga
Metformin an yi shekaru ana ba baƙar fata a ƙasashe da yawa, kuma binciken Amurka da na ambata kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanensa baƙaƙe ne. Sinadari ɗaya ne, miligiram 500 ɗin Kano shi ne na Landan. Ganye 17 a buhu ɗaya wani abu ne daban. Ina son in ga wata ƙungiya a wata ƙasa, wadda ba ta da alaƙa da masu yin sa, ta maimaita gwajin.

Dan_Maradi
Alhaji, in ka tashi tafiya ka tambayo mana kuɗinsa na wata guda. Gwajin shekara biyu aka yi ana sha kullum, mu san ko aljihu zai ɗauka.